Ba Kowane Maciji Ne Abokin Gaba Ba

Jama'a 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan wani abu wanda na tabbata da yawa cikinku ba za su yarda da ni ba da farko. Ra'ayina shi ne, wannan al'ada tamu ta kashe kowane maciji da kowane abu mai jan ciki da muka gani, ba ta da amfani, kuma mu malaman gobe mu ya kamata mu gyara ta.

Ku dubi Garatu, a kan hanyar Minna zuwa Bida. Arzikin mutanen wurin doya ce, da dawa da masara. To, wa ya fi manomin doya sanin ɓarnar ɓera da gafiya da gyazbi? Su haƙe ta tun tana cikin kunya, sa'an nan su bi ta har inda aka adana ta. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, babban abincin macizai da yawa ɓerayen nan ne. Mesa ba ta da dafi ko kaɗan, kanannaɗe abu ta kan yi ta haɗiye, kuma gafiya da gyazbi suna cikin abincinta. Akwai kuma wani ɗan maciji ja-ja mai zama kusa da rumbu, ba shi da dafi, aikinsa ke nan bin ɓera har cikin raminsa, inda kyanwa ba ta iya shiga. Wanda ya kashe wannan, ai ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi.

Kada wani ya ce na manta da masu kisa. Kububuwa, wadda a ke yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, 'yar ƙarama ce, amma ita ta fi kowane maciji kashe mutane a ƙasarmu ta Arewa. Ta kan ɓuya cikin busasshen ganye da ƙarƙashin duwatsu, dafinta kuwa ya kan hana jini daskarewa, har a ga dasashin mutum yana zub da jini. Kasa ita kuma ba ta gudu, kwanciya ta kan yi a kan hanya har a taka ta. Gamsheƙa na tofa dafi a ido. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman domin saran maciji, saboda yawan kububuwa a can. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, ta kuma ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa ta dalilinsa kowace shekara a duniya. Wannan ba abin wasa ba ne.

Amma sai mu tambayi kanmu, kisan da mu ke yi ya rage saran? Yaron da ya ɗauki sanda ya bi maciji, shi ya kai kansa kusa da bakinsa. Haka nan masu ƙona daji da rani suna neman gafiya, su zura hannu cikin ramin da ba su san mai shi ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Mu kuwa ko igiyar ba mu koya wa yara bambanta ta da maciji ba.

Su ƙadangaru kuwa zaluncin da a ke yi musu ya fi ba ni haushi. Kulɓa, da a ke cewa cizonta ba magani, ba ta da dafi. Hawainiya ma haka. Abincinsu ƙwari ne, fara da tururuwa da gara, watau abokan gaban manomi. Damo sarkin haƙuri yana cin ƙwari da kunama, guza na bakin rafi yana cin kaguwa da mushe. Ba na hana mai son naman damo ci, amma harbin ƙadangare da danƙo don wasa kawai, wannan ba tarbiyya ba ce.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Kowane ɗalibi, kafin ya fita koyarwa, ya san kamannin kububuwa da kasa da gamsheƙa da kumurci sarai, ya iya zana su a allo. Ya koya wa yara su nome ciyawa kewayen aji, su riƙa fita da fitila da dare, su sa takalmi a gona. In an sari yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti a Minna nan da nan, ba a tsaya jiran mai magani ba. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa tukuna. Macijin da ya shiga ɗaki ko aji, wannan dole manya su raba shi da wurin. Wanda aka gani a gona yana tafiyarsa kuwa, a ja da baya a ba shi hanya.