Ba Rashin Jari Kaɗai Ke Rufe Ƙananan Shaguna Ba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, magana guda ake ta nanatawa a kan ƙananan 'yan kasuwa a Najeriya: jarinsu ya karye, a ba su jari. 'Yan siyasa na faɗin haka, shugabannin kasuwanni na faɗi, masu shagunan ma abin da ke bakinsu ke nan. Wannan ra'ayi ya yi kaka-gida har ya hana a duba inda ciwon yake. Shaguna da yawa da suka rufe sun rufe ne da kaya a kan kanta da kuma kuɗinsu a hannun jama'a. Abin da ya kashe su shi ne kuɗin da ya fita bai dawo a kan lokaci ba, wanda ya dawo kuma bai isa ya sake sayo abin da aka sayar ba.

Babu mai musun cewa an shiga matsi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Amma iska ɗaya ce ta kaɗa a kasuwa, wani shagon ya faɗi, na kusa da shi ya tsaya, alhali jarinsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana cikin yadda kowannensu ke juya kuɗinsa.

Riba daban, kuɗin da ke hannu daban. Riba lissafi ce, ana iya samun ta a littafi aljihu kuwa wayam. Haya da kuɗin mota da man janareta da sarin gobe, dukansu da tsabar kuɗi ake biyan su. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya nuna haka ƙarara. Ba wanda aka ƙwace wa jari, kaya na nan jibge, amma da kuɗi suka daina zagayawa sai ciniki ya tsaya cik, masu tumatir da kayan gwari suna kallo kayansu na ruɓewa.

Ƙofa ta farko da jari ke zurarewa ita ce sayar da kaya bisa farashin sarin jiya. A ɗauki mai shagon da ya saro katan goma na taliya a kasuwar Singa ta Kano, kowane a kan naira 10,000. Ya sayar a kan 11,000, ya ware 10,000 a matsayin riba, ya yi cefane da ita. Da ya koma sari sai ya tarar katan ya zama 12,000. Naira 100,000 ɗin da ke hannunsa katan takwas kawai za ta ɗauko. A ganinsa riba ya ci, alhali uwar kuɗi ya gutsura. In aka yi haka sau huɗu ko biyar, kantar da take cike sai ta koma rabi, ba tare da ɓarawo ya shiga ba. A lokacin tsada, ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an mayar da kayan da aka sayar.

Ƙofa ta biyu bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗan tireda a unguwa ba zai iya korar maƙwabcin da ya aiko yaro da safe a ba shi sukari da ganyen shayi "a rubuta" ba. Sai dai lokacin da farashi ke gudu, bashin da ya daɗe asara ne ko da an biya shi cif. A irin hauhawar 2024, naira 100,000 da ta shekara a hannun wani, in ta dawo, kayan da 74,000 ke saya a da za ta iya saya. Mafi muni shi ne bashin da ba a rubuta ba, ba a kuma yanka masa rana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ƙayyade lokacinsa ta sauka. Duk da haka mai shago kan ji nauyin buɗe littafi a gaban ɗan'uwa, har zumuncin da ake gudun ɓatawa ya zo ya ɓaci wajen bin bashin.

Ƙofa ta uku aljihu ɗaya. Akwatin ciniki shi ne na cefane, shi ne na gudummawar biki da suna, shi ne na kuɗin makaranta. Tunda ciniki ya koma ta waya abin ya ƙara cakuɗewa, domin asusun da kwastoma ke turo kuɗi shi ne mai shago ke sayen kati da shi. Wanda bai yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako ba, ba zai taɓa sanin ranar da ya fara cin jari ba.

Ta huɗu ita ce kwantar da kuɗi a kaya bisa zaton kaya sun fi kuɗi daraja. Babban ɗan kasuwa mai rumbu a kasuwar Dawanau zai iya jiran wata shida. Ƙaramin da ya zuba komai a kayan da ba sa tafiya, ranar da mai gida ya zo karɓar haya dole ya karyar da su. Farashi ma ba kullum yake hawa ba: waɗanda suka ɓoye masara suna jiran tsada sun ji a jikinsu da farashinta ya faɗi a 2025.

Shagon da ke da waɗannan ƙofofi a buɗe, ba shi ƙarin jari zuba ruwa a kwando ne. An gwada. A 2018 gwamnatin Buhari ta raba rancen naira 10,000 ƙarƙashin shirin TraderMoni, a Yulin 2023 kuma aka yi alkawarin naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya. Irin wannan kuɗi yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara lissafin shago. Rancen banki kuwa ya fi haɗari. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai biya kuma ya zarce haka. Wanda ribarsa kashi goma ce, kuɗinsa kuma ke wata biyu kafin ya dawo, in ya ci wannan bashi banki zai yi wa aiki.

Wannan bai wanke gwamnati ba. Ita ta ɗauki matakan da suka tsananta tsadar, kuma wutar lantarki da hanya da tsaro da daidaita naira suna wuyanta. Amma mai shago ba zai jira sai an gyara ƙasa kafin ya gyara akwatinsa ba. Abin da ke hannunsa a fili yake: ya tambayi farashin sari kafin ya yanka na sayarwa, ya rubuta kowane bashi da ranar biyansa, ya raba kuɗin gida da na shago, ya fifita kayan da ke fita kullum ko da ribarsu ƙanƙanuwa ce, ya kuma ajiye abin da zai biya haya ko ta hanyar adashi ne. Ƙungiyoyin kasuwa da ke zarya neman tallafi, da za su zaunar da mambobinsu su koya musu wannan lissafi da sun fi yi musu amfani. Littafi da biro ba su kai kuɗin katan ɗaya ba, kuma mai shagon da ya san abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana ya fi kusa da tsira a kan wanda ke jiran rance.