Kore, Fari, Kore: A Bar Mana Tutarmu Yadda Take

Kowace safiya muna tsayawa a filin makaranta mu dubi tutar ƙasarmu tana hawa sama, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka same ta. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka bari mu waiwaya baya kaɗan kafin mu faɗi ra'ayinmu.

Kafin samun mulkin kai, tutar da ake kafawa a Nijeriya ta Turawan Ingila ce. Shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwa, da jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta. Ko sunan ƙasar ma ba mu muka raɗa shi ba. Wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Gwamna Lugga, ita ta ba da shawararsa a 1897, daga sunan kogin Neja, wato Kwara. Amma tuta kam ɗan ƙasa ne ya zana ta.

Da mulkin kai ya matso, gwamnati ta sa gasar zanen tuta, mutane da yawa suka shiga. A 1959 aka zaɓi zanen Michael Taiwo Akinkunmi, wani saurayi ɗan shekara 23 da ke karatu a Landan, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, sai alƙalan gasa suka cire ta. Ranar 1 ga Oktoba, 1960 aka sauke tutar Ingila a Legas, aka ɗaga tamu. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuwa zaman lafiya da haɗin kai. Shi Akinkunmi ya dawo gida ya yi aiki a ma'aikatar gona a Ibadan har ya yi ritaya. Sai a 2014 gwamnati ta ba shi lambar girma, ya rasu a watan Agusta na 2023.

To, akwai masu cewa tutar nan ta cika sauƙi, ba ta da ado. Sukan nuna ta Ghana mai baƙin tauraro, wadda wata malamar makaranta, Theodosia Okoh, ta zana, ko ta maƙwabtanmu Nijar mai da'ira ruwan lemo a tsakiya. Sukan ce ta Ingila tana da suna, Union Jack, tamu kuwa sai dai a ce kore-fari-kore. Tun da aka koma wa tsohon taken ƙasa a watan Mayu na 2024, ba mamaki wata rana a ce a sake tuta ita ma.

Mu dai ba mu goyi bayan haka ba. Mu mutanen ƙasar Gwandu mun san nauyin tuta tun kafin zuwan Bature. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda aka ba tuta an ba shi amana ne da jagorancin jama'a. Ke nan tuta tana nuna su wane ne ke ƙarƙashin inuwarta. Idan aka sa gicciye a kan ta Nijeriya, an tura Musulmi waje. Idan aka sa jinjirin wata, an tura Kirista. Idan aka sa alamar wata ƙabila, sauran za su ce ba da su aka yi ba. Sauƙin nan da ake kushewa shi ya sa Bahaushe da Bafillace da Badakkare da Bayarabe da Ibo za su tsaya a gabanta, kowa ya ce tasa ce. Sunanta kuma launinta ne, ba na wani sarki ko wani yanki ba, har yaron firamare ya iya faɗinsa, ya kuma iya zana ta.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne ko muna cika alkawarin da launukan suka ɗauka. Mu a Jihar Kebbi kore ba baƙonmu ba ne. Ga albasar Aliero da ake lodawa zuwa kudu, ga shinkafar fadamun gulbin Zamfara a Jega, ga gero da dawar Maiyama. Amma manomin da albasarsa ta ruɓe don rashin wurin ajiya, ko wanda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafarsa, ko wanda tsoron 'yan bindiga ya hana shi zuwa gona, me kore da fari za su gaya masa? A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an ga matasa a Kano suna ɗaga tutar Rasha. Kuskure ne babba, domin kayan aro ba ya rufe katara. Sai dai ya kamata shugabanni su tambayi kansu abin da ya kai yaro ga neman inuwar baƙo. Sauya zane ba zai cika cikin mai jin yunwa ba.

Mu ma muna da namu aikin. Sau nawa muke wuce wasu ofisoshi da makarantu mu ga tuta ta yage, rana ta cinye korenta, farin ya koma ruwan ƙasa? Yadi kaɗan da aikin tela na yini ɗaya sun isa a gyara wannan. A ɗaga ta da safe, a sauke ta da yamma, kada a bari ta taɓa ƙasa, in ta tsufa a sake wata.

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita bana, wanda ya zana tutar nan ɗalibi ne, bai girme ku da yawa ba. Ba ma roƙonku ku zana sabuwa. Roƙonmu shi ne kada ku raina noma, kada kuma ku yarda wani ya raba ku da abokin zamanku da sunan addini ko ƙabila. Allah Ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.