A Zauren Kwamiti Ake Yanke Maganarmu

'Yan uwa makiyaya da dillalan shanu na Ganou, Paraku da Jugu, mun saba mu ji an yi doka sannan mu tashi da kuka. To, ranar da rediyo ya ce majalisa ta jefa ƙuri'a, aski ya riga ya zo gaban goshi.

Ga yadda abin yake a Porto-Novo. Idan gwamnati ta kawo shirin doka, ba a zauren majalisa ake fara tauna shi ba. Ana miƙa shi ga kwamiti, 'yan majalisa kaɗan su zauna da minista da ma'aikatansa, su bi shi aya bayan aya. Nan ake jayayya, wannan ya ce a cire kalma, wancan ya ce a ƙara, har a daidaita a rubuta rahoto. Babban zaure galibi rahoton nan yake bi. Ta wannan hanya dokar kiwo mai lamba 2018-20 ta fito, aka sa mata hannu ran 23 ga Afrilu 2019, bayan mun shekara fiye da 30 ƙarƙashin dokar 1987. Faɗin burtali da maganar mashaya, duk a irin wannan ɗaki ake warware su. Wanda bai kai takardarsa can ba, wani ne zai faɗi abin da saniya take buƙata, ko da bai taɓa bin garke ba.

A watan Disamba 2019 kuwa aka hana shanun ƙetare shigowa kiwo, kuma da umarnin ministoci aka yi, alhali yarjejeniyar CEDEAO ta 1998 ta yarda da wucewar garke mai takarda. Mahauta da dillalai sun ji a jikinsu.

Ƙasa-ƙasa ma haka ne. Tun 1992 aka kafa kwamitocin sasanta manoma da makiyaya. Shanu sun shiga gonar doya ko auduga, wa zai auna ɓarna? Wanda ke kan kujera. In babu namu, ko yana nan amma bai iya karanta abin da ya dangwala wa hannu ba, kuɗin kunya goma sai ya zama na gona guda. Daga nan sai 'yan sanda, sai kotu, alƙali kuma takardar da aka rubuta a gona zai fara dubawa.

Saboda haka ƙungiyoyinmu, har da ANOPER, su zaɓi wakilai masu jin Faransanci da sanin daji. A biya musu kuɗin mota daga aljihun kasuwar shanu, su je tun shirin doka yana hannun kwamiti.