Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gyaran Cikin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ko ya ratse zuwa Gozaki ta ƙasar Ƙafur a lokacin kaka, ya san irin wahalar da tsofaffin motoci suke sha wajen jigilar masara da dawa da auduga. Daga cikinsu babu wadda ta kafa tarihi kamar Peugeot 504, wadda jama'a suke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar haɗa motoci ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta shafe kimanin shekaru 30 tana haɗa ta. Waɗanda suka rage a yau sun zama kayan tarihi. Abin takaici shi ne, sau da yawa akan tarar injin yana da sauran ƙarfi, amma kujeru sun yage, rufi ya zazzago, bangon ƙofa ya ruɓe, har mai mota ya fid da rai ya sayar wa 'yan gwangwan. Wannan asara ce da bai kamata a yi ta ba, domin mafi yawan gyaran yana cikin ikon mai motar, kuma kayan aikin suna kusa da shi.

Da farko ya kamata a san abin da ke lalata cikin mota. Ledar kujeru roba ce mai tauri, wadda aka cakuɗa da wani sinadari mai kama da mai domin ta yi laushi. Motar da aka rufe a rana cikin watan Afrilu, allon gabanta yakan ɗauki zafin da ya haura digiri 70. Zafin yana korar sinadarin sannu a hankali, hasken rana kuma yana tsinka dogayen sarƙoƙin da suka haɗu suka zama robar, sai leda ta bushe ta tsage. Da damina kuma ruwa yakan bi ta gefen gilashi ya jiƙa kwalin ƙofa. Kwali daga itace aka yi shi, wato abincin fumfuna ne, don haka da zarar ya yi danshi sai ta cinye shi.

Gyaran bangon ƙofa ba shi da wuya. A kwance mariƙi da abin murɗa gilashi, a ɓamɓare bangon a hankali don kada maƙalansa su karye. A ɗora tsohon kwalin a kan katako marar kauri, kamar na milimita 3, a zana, a yanke, a huda ramukan maƙalai. Sai a shimfiɗa soso ko auduga, a rufe da tsohuwar ledar ko sabon ƙyalle, a liƙe ta baya. Kafin a mayar, a manna farar leda a jikin ƙarfen ƙofar domin tare ruwa, in ba haka ba aikin zai koma baya cikin damina guda.

Game da kujeru kuwa, akwai darasi babba a sana'ar majema da dukawa. Fata cike take da zaruruwan furotin da ake kira kolajin, waɗanda ƙwayoyin bakteriya suke ruɓarwa. Bagaruwar da majemi yake jiƙa fata a ciki tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda yake ɗaure waɗannan zaruruwa har su gagari ruɓa. Da wannan ilimi ne fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko. Ƙyallen jemammiyar fata, da basilla, da zare mai ƙwari sun isa a toshe yagar kujera tun tana ƙarama. Inda soso ya lotsa ana iya cikewa da auduga, wadda aka daɗe da sanin ƙasar Gozaki da nomanta. Audugar rimi ta fi ta ƙin ruwa saboda kakin da ke jikin zarenta, sai dai tana saurin kama wuta.

Ba kowane kayan gida ne ya dace ba, kuma kimiyya ce take bambancewa. Ƙaro yana narkewa a ruwa, saboda haka ba zai riƙe rufin mota ba. Nan sai gam ɗin kanti mai jure zafi, a kuma yi aiki da shi a sarari nesa da wuta, domin tururinsa yana cutar da huhu da ƙwaƙwalwa. Bel ɗin kujera kuwa ba a yi masa faci. Idan ya soma tsinkewa sai a sauya shi, don rai ya fi kuɗi.

Wasu za su ce mota abin neman abinci ce, ado ba nata ba ne. Amsar ita ce, kujerar da ƙarfenta ya fito tana yanka fasinja, fumfuna tana tayar wa mai asma ciwonsa, rufin da ya zazzago kuma yana tare wa direba gani. Wasu kuma za su ce an tare wa masu ɗinkin kujeru hanyar abinci. Alhali babban aiki nasu ne har gobe, kuma motar da aka adana ita ce za ta koma wurinsu, wadda aka farfasa ta tafi ke nan.

Saboda haka ana kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandare da su kai wannan batu cikin aji. Alal misali, ɗalibai su yanko leda da jemammiyar fata da ƙyallen auduga, su ajiye kashi ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a wuri mai danshi, su riƙa rubuta canjin da suka gani har tsawon mako 6. Kana a gayyato baduku ya nuna musu ɗinki. Ɗalibin da ya gano da idonsa dalilin da ya sa leda take tsagewa, shi ne zai fara shawartar mahaifinsa ya riƙa ajiye motar gidansu a ƙarƙashin inuwa.