Ƙarin da aka cire daga nono, a aika da shi Yamai a auna

Manomin Adar ya san gero, ya san maiwa. Tun suna tsiro sun yi kama da juna, amma gero yana nuna da wuri, maiwa kuwa sai ƙarshen damina. Haka sankarar nono take. Mata biyu na Allakaye suna iya zuwa likita da ƙari iri guda a ido, girma guda, wuri guda. Na ɗaya yana tafiya sannu shekara da shekaru, na ɗayar kuma yana gudu kamar wutar daji. Hannun likita ba ya iya rarrabe su. Sai awo.

Ga dalili. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai umarnin halitta a rubuce, kowane umarni kofi biyu. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana suka sa wa suna HER2, aikinsa shi ne gaya wa ƙwaya ta girma ta rabu biyu. Kamar mai shela yake. Gari mai masu shela biyu yana zaune lafiya. A cikin wata sankarar, umarnin nan yakan maimaita kansa har kofi goma ko ashirin, sai shela ta cika gari dare da rana, ƙwayoyi su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan ninkawa a cikin ƙarin take faruwa. Uwa ba ta ba ɗiyarta ita gado.

A shekara ta 1987 wani likita na birnin Los Anjeles a Amurka, Dennis Slamon, da abokan aikinsa suka bincika ƙari 189 da aka cire daga nonon mata. Suka tarar HER2 ya ninka a kusan kashi 30 cikin ɗari. Suka kuma tarar matan da nasu ya ninka, ciwonsu ya fi saurin dawowa, kwanansu ya fi gajarta. A yau masana suna ƙiyasta mace guda cikin biyar ko shida masu sankarar nono tana da irin wannan. A 1998 Amurka ta yarda da maganin da ake kira trastuzumab, wanda yake toshe bakin mai shelar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan tilas a 2015. Alamar da a da take nufin mummunan labari ta zama alamar da ke nuna maganin da ya dace.

Ƙasar Nijar ba ta zauna ba. Tun 1992 ake rubuta masu sankara a rajista a Yamai, kuma rajistar ta nuna sankarar nono ce kan gaba a wajen mata. A 2007 gwamnati ta yi dokar kula da sankarar mata kyauta. A 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara. Amma daga Tawa zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 500, daga Allakaye kuwa sai an ƙara. Mace mai goyo da gona ba ta barin gida don a ce mata ta koma ta dawo wata mai zuwa.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne naman ya yi tafiyar, matar ta jira amsa a gida. Duk ƙarin da aka cire ko aka ɗan gutsura a asibitin Buza, Madawa, Keita ko Tawa, kada a zubar da shi. A sa shi cikin ruwan formol kafin awa guda ta cika, a rubuta suna da lambar waya, a aika. In ya daɗe a waje, ko ya wuce kwana uku cikin ruwan, awon HER2 yana iya ɓata. Kwalba, ruwan formol, mota mai rana sananniya, da ma'aikaci guda mai bin sawun amsa: wannan bai fi ƙarfin gunduma ba.

Wasu za su ce mene ne amfanin awo, tun da maganin yana da tsada? Tambaya ce ta gaskiya. Amma likitan da ya san ciwo mai gudu ne ba zai sallami mace bayan tiyata kawai ba, zai gaggauta ta zuwa sauran magani. Hukuma kuma ba ta iya sayen magani don mutanen da ba ta ƙidaya ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da irinsa mai rahusa. Wanda ya zo da lissafi a hannu shi ke ciniki.

Nauyin ya rataya a kan kowa. Perefe da magajin gari su sa kuɗin kwalba da mota cikin kasafin shekara. Sarakuna da malamai su gaya wa maza su bar matansu su je likita. Waɗanda suka ci yaƙi da jahilci su karanta wa maƙwabta wannan labari. Matar da ta ji ƙulli a nononta, ko ba ya ciwo, ta je likita cikin makon nan. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma awo ne kaɗai ke faɗi. In an cire shi, ita da mijinta su tambaya: an aika da naman? Yaushe amsa za ta zo?