Otel ɗin Federal Palace: Yadda ɗakin 'yancin kai ya koma cikin gidan caca

A kan titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island a Legas, daidai bakin mashigin da jiragen ruwa ke bi daga Tekun Atlantika zuwa tashar Apapa, akwai otel ɗin da shekarunsa ɗaya da na Nijeriya mai 'yanci. An buɗe Federal Palace a 1960, kuma rukunin kamfanonin A. G. Leventis ne ya gina shi, a lokacin da Legas ke neman masaukin da zai dace da manyan baƙin bikin 1 ga Oktoba. Tarihin otel ɗin ya nuna cewa a babban ɗakin taronsa aka sanya hannu a takardar 'yancin kai. Yau wannan ɗaki yana cikin sashen caca na otel ɗin.

Kafin a yi kuka da wannan, ya kamata a dubi yadda aka zo nan. Gwamnatin Tarayya ta mallaki otel ɗin a 1964. A zamanin arzikin man fetur aka ƙara masa dogon bene mai hawa 15, wanda ya sauki manyan baƙi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan sai lalacewa ta fara shiga a hankali, irin wadda duk ma'aikacin da ya taɓa zama a gidan gwamnati ya sani.

Otel na bakin teku ba ya jiran kasafin kuɗi. Iskar gishiri tana cin ƙarfe dare da rana, tana lalata na'urar sanyaya ɗaki, tana ɓare fenti, danshi kuma yana ruɓar da darduma da labule. Gyaran da ɗan kasuwa zai yi a cikin mako guda, a ƙarƙashin ma'aikata sai an rubuta takarda, ta hau tebur ta sauka, a jira sakin kuɗin zango, kafin nan tsatsa ta gama aikinta. Ga kuma baƙin gwamnati da ke kwana bisa takardar alkawarin biya. Saboda haka sayar da otel ɗin ga kamfanin Ikeja Hotel a 1992, a zamanin kwamitin sayar da kadarori da marigayi Dakta Hamza Zayyad ya shugabanta, ba kuskure ba ne. Gwamnati ta riga ta tattara ta koma Abuja tun 12 ga Disamba 1991, kuma mai gidan da ya ƙaura ba ya jin yoyon rufin da ya bari.

Sakamakon ma ya fito fili. Bayan shigowar kamfanin Sun International na Afirka ta Kudu, an sake buɗe tsohon ginin a 2008 da ɗakuna kusan 150, da wurin ninkaya, da ɗakunan taro, da farfajiyar da baƙo ke zaune yana kallon jiragen dakon kaya suna wucewa. Dogon benen FESTAC kuwa ya daɗe a rufe, kuma saɓanin masu hannun jari ya kai ga kamfanin na Afirka ta Kudu ya bayyana niyyar ficewa daga Nijeriya a 2016. 'Yan kasuwa ma suna da nasu ciwon. Duk da haka ginin 1960 yana tsaye, ana kwana a cikinsa, abin da ba za a faɗa ba game da otel ɗin Durbar na Kaduna, wanda shi ma don FESTAC aka gina shi, aka kuma rushe shi a 2020.

Inda aka yi sake shi ne wajen rarrabe abin da ke na kasuwa da abin da ke na ƙasa. Gadaje da ɗakin girki da wurin ninkaya haja ne, a sayar wa mai iya riƙewa. Ɗakin da aka sanya hannu a takardar 'yanci kuwa gadon al'umma ne, ko da bangon da ya kewaye shi na wani ne. Mai otel bai yi laifi ba da ya nemi riba a kowane taku na ƙasarsa. An ma yaba masa da bai rushe ɗakin ba. Amma babu malamin makarantar da zai jagoranci ɗalibansa su ratsa teburan caca don su ga inda aka ƙulla 'yancin ƙasarsu, kuma dattijon da ya taso daga Bauci don ganin wuraren da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taka ba zai sa ƙafarsa a wurin ba.

Wannan ya shafi masu aiki a Abuja kai tsaye, domin irin waɗannan hukunce-hukunce ba a dandalin taro ake yanke su ba. Mataimakin darakta ne ke tsara yarjejeniyar sayarwa, lauyan ma'aikata ya duba, mai taimaka wa minista ya sa ta a gaban maigidansa. Sharaɗi mai layi uku ya isa: a ware wurin tarihi, a yi masa ƙofa ta daban, a buɗe shi ga jama'a a ranaku sanannu. Ƙasar tana da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi tun 1979, amma hukumar da ba a nemi ra'ayinta ba kafin sanya hannu, sai dai ta zo kallo.

Kuma kadarorin Tarayya a Legas ba su ƙare ba. Tsohuwar Sakatariyar Tarayya da ke Ikoyi tana nan babu kowa a ciki shekara da shekaru, ga gidaje da ofisoshin da aka bari tun ƙaura, kowanne yana jiran ranar da fayil ɗinsa zai iso teburin wani. Shi kansa ɗakin Federal Palace bai wuce gyara ba. Ma'aikatar da ke kula da al'adu tana iya zama da masu otel ɗin a tattauna batun ƙofa ta daban da ranakun ziyarar ɗalibai, a fara da makon 1 ga Oktoba.