Tsufan Ingilishin Adlington ba na Apuleius ba ne

Ɗalibin da ya nemi “Jakin Zinariya” na Apuleius da Ingilishi a intanet yakan ci karo da fassarar William Adlington ta 1566, domin ta daɗe da fita daga haƙƙin mallaka. Tun daga taken bugun farko zai ga “Bookes” da “Asse”. Haruffan u da v suna musayar gurbi, aikatau yana ƙarewa da -eth. Sai ya zaci wannan furfura ta Latin ce, alhali ta maɗaba'un Landan ce a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, lokacin da ƙa'idar rubutu ba ta zauna ba. Mu da muka san yadda “estre” ta koma “être” bai kamata wannan ya ruɗe mu ba.

A ganina, a sabunta rubutun, babu asarar komai. Kalmomin ne abin tsoro, musamman waɗanda kamanninsu bai sauya ba. A Ingilishin ƙarni na 16 “presently” na nufin nan take, “prevent” na iya nufin riga wani isa, “let” kuwa har ma'anar hanawa take ɗauka. Baƙuwar kalma tana tura mai karatu ƙamus. Wadda ya saba gani tana barinsa ya wuce da fahimtar da ba ita ba, yana ganin ya gane. Irin waɗannan a bar su yadda suke, amma a yi musu sharhi a gindin shafi.

Masu kare tsohon rubutun suna da hujja mai nauyi: Apuleius, ɗan Madaura a Aljeriya ta yau, shi ma yana tono tsofaffin kalmomi irin na Plautus a ƙarni na 2, saboda haka tsohon Ingilishi ya dace da shi. Wataƙila shi ya sa jerin Loeb ya ɗauki Adlington a 1915 da gyaran Gaselee, bai sauya shi ba sai da fassarar Hanson ta 1989. Amma Apuleius zaɓa ya yi, yana ajiye tsohuwar kalma kusa da wadda ya ƙirƙiro domin kunne ya ji bambanci. Adlington harshen zamaninsa ya rubuta, shekaru ne suka shafe shi da tsufa bai ɗaya. Mai nazarin salo da ya dogara da shi ba zai iya nuna jimla guda da Apuleius ya tsofar da gangan ba.